Mota a Kan Ƙafa Uku

Da sunan Allah nake farawa, Masanin abin da ya faru da abin da Ya kawar tun bai faru ba.

Masu karatu, ina yi muku sallama. Wasu cikinku sun tambaye ni dalilin da ya sa nake ba da labarin nan ba kuka, ba zagin kowa. Gaskiyar ita ce ban samu wanda zan zaga ba. Kuka kuwa na neme shi a lokacinsa, bai zo ba. Ku karɓe ni yadda nake.

Sunana Furera, ɗiyar Alhaji Mijinyawa mai hatsi, a garin Dakoro. A shekarun farko bayan an ɗaga tutar Nijar, ni ke koyar da ƙananan ƴan mata a lakol, wato makarantar boko, domin na yi karatu a Maradi na dawo gida. Baba yana da babbar mota guda, kamyo koriya mai bodin katako, wadda ke kai gero da wake Maradi ta dawo da gishiri da kananzir da atamfa. Direbanta shi ne Almu, wanda aka yi mana baiko da shi a farkon bazarar da nake ba ku labari.

Kafin Almu ya zama komai a gare ni, na san shi ta kafar zanar gidanmu. A ƙofar gida ake ajiye motar, ƙarƙashin itacen bedi. Kowace safiya kafin ya tada inji sai ya zaro sandar mai ya goge ya mayar ya sake zarowa. Ya duba ruwa. Ya danna igiyar fanka da babban yatsa. Ya zagaye tayoyi yana ƙwanƙwasa kowace da guntun ƙarfe, kunnensa a karkace kamar mai zaɓen tukunya a kasuwa. Gazuwal, man da take sha, ba ya shiga tanki sai ya bi ta ƙyalle, saboda rairayi. Daga nan ya shimfiɗa buhu ya shige ƙarƙashi da gwangwanin giris, ba a ganin komai nasa sai tafin ƙafa. Fasinjoji su yi ta tsaki a rana, wani ya ce, “Direba, ko sai ka yi mata kitso?” Shi ko ya amsa daga ƙarƙashi, “In ta so kitso yi mata za a yi. Gara ku gaji a ƙofar Alhaji da ku gaji tsakanin Ajekoriya da Sabon Maci.”

A wancan zamani bakinsa a buɗe yake da Baba. Na sha jin ya shigo zaure da hannuwa baƙi ƙirin ya ce, “Alhaji, yau ba ta tashi.”

“Kai da wa kuka yanke?”

“Ni da ita.”

Baba ya yi ta faɗa, ya ce mota tasa umarni na wani, sannan ya tura a sallami masu lodi. Da yamma kuma ka ji shi a majalisa yana cewa motarsa ba ta taɓa kwana a daji ba. Ranar da Kawu Abarci, ƙanen mahaifin Almu, ya zo neman aurena, abin da Baba ya ce shi ne wanda ya riƙe ƙarfe da amana haka zai riƙe mutum. Ni ma da aka tambaye ni ta bakin Goggo Maraya, yayar Baba, na sunkuyar da kai na yi shiru irin wanda kowa ya san ma'anarsa.

Ku da kuka san ƙasarmu kun san abin da rabon goron baiko ke yi wa bakin namiji. Daga ranar, Almu ya zama suruki. Wanda ke shiga zaure kai tsaye ya koma tuɓe takalmi tun daga gindin bedi. In ya hango hular Baba a kan hanya sai ya ratse ta bayan rumbuna. In ba makawa sun haɗu, ya durƙusa, idonsa a ƙasa, ba ya ɗaga murya sama da gaisuwa. Kowa ya yaba. Inna, mahaifiyata, ta ce yaron nan ya sha tarbiyya, ko da yake ita ma ta daina ambaton sunansa, in ta ji motsinsa sai ta ja mayafi ta shige ɗaki. Babu wanda ya tsaya ya tambayi kansa, a cikinmu duka, wa zai riƙa cewa “yau ba ta tashi” daga yanzu.

An sa biki kafin azumi. Baba ya faɗa a bakin masallaci, gaban abokan kasuwancinsa, cewa motarsa za ta tashi ranar Lahadi da wake domin ta riski kasuwar Litinin a Maradi, kuma Inna da Goggo za su bi ta su sayo kayan ɗakina. An shirya Goggo ta zauna gaba, Inna kuwa can baya bisa buhuna, don ba ta yiwuwa ta zauna kafaɗa da kafaɗa da surukinta.

Ranar Juma'a bayan an sauko, Kawu Abarci ya zo da babbar rigarsa mai ruwan toka. Ni na kai musu ruwa a rumfa, na koma bayan zana na tsaya. Sun gaisa har na ji ƙafata ta fara sanyi: gida, iyali, dabbobi, zafi, labarin rijiyar arewa da ta ƙafe. Can Kawu ya yi gyaran murya.

“Alhaji, dama yaron ne ya ce in shaida maka, wai ƙafar motar ta gaba tana ɗan ɗumi.”

Baba ya yi dariya. “Abarci, cikin wannan bazara wa ba ya ɗumi? Taɓa ƙafata ka ji.”

Kawu ma ya yi dariya, domin mai neman aure wa ɗansa ba ya barin uban ɗiya ya yi dariya shi kaɗai. Ya ce, “Wallahi haka ne. Yara ne da tsoro.”

“In ya dawo daga Maradi ya yi mata duk abin da yake so.”

“Madalla. Allah Ya ƙara girma.”

Suka koma zancen farashin raƙuma.

Da la'asar Almu ya zo zance ƙofar Goggo, inda muka saba tsayawa. Ya sa farar riga da hula, ya wanke hannu da toka har fata ta yi fari, amma bakin farcensa na nan da baƙinsa. Ni ina sanye da atamfa shuɗiya mai zanen ganye da kallabinta, na yafa gyale. Ya kira ni da sunan da yaran lakol ke kirana, kamar kullum.

“Madam, an wuni lahiya?”

“Lahiya lau. Ya hanya?”

“Hanya ta yi kyau. Mota ce ba ta yi ba.”

Ya tsuguna ya zana da'ira a ƙasa da tsinke. Ya ce a cikin cibiyar taya akwai wani zoben ƙarfe mai ƴaƴa, rulma suke ce masa, a kansa taya ke juyawa. Da suka taso daga kasuwar ƙauye ya ji gurnani ta gaba, hannun hagu. Ya tsaya ya ɗora tafinsa a cibiyar, sai da ya fizge hannu. Ta dama kuwa ɗumi kawai.

“In ya ci, mi zai faru?” na tambaye shi.

“In an yi sa'a taya ta ƙame, mu tsaya cikin daji, rana bisa kai, rijiya nesa. In ba a yi ba, ta fita ta bar mu muna gudu. Da lodi.” Ya share zanen da tafin hannu. “Da su Inna bisa buhuna.”

Ya ce ya riga ya ba wani direba mai wucewa saƙo a sayo sabo a Maradi, zai iso tsakiyar mako. Abin da yake roƙo a ɗaga tafiyar, ke nan.

“To ka gaya wa Baba.”

“Da wane baki, Madam? Bara da tuni na shiga zaure. Na aiki Kawu, kin ji yadda ta kaya. Na ba shi garwashi, ya kai toka.”

Na shiga wurin Goggo na faɗa mata yadda ya faɗa mini, ban rage ko kalma ba. Tana tsefe kai, ta jefar da matsefi.

“Tofar da yawu! Tofar, na ce! Ana shirin kayan ɗakinki kina kiran daji da rana? Wa ya koya maki yi wa tahiya baki?”

“Goggo, ba baki ba ne. Ƙarfe ne.”

“Direbobi! Sauro ya yi kuka su ce inji ne. Ubanki ya hwaɗa a bakin masallaci, kina so ya lashe? Ke dai angonki ya cika son a san da shi.”

Na je wurin Inna a madafa. Da ta gane inda zancen ya nufa sai ta juya mini baya ta ci gaba da tankaɗe. “Ni ba ruwana da maganar yaron nan. Je ki tsince wake.”

Ranar Asabar bayan azahar na yi alwala, na yi nafila raka'a biyu, na yafa babban mayafin Inna, na tafi rumfar Baba. Ɗiya ba ta kai wa ubanta maganar wanda za ta aura. Na san haka kamar yadda na san sunana. Amma na lissafa bakunan da suka rage, ban ga wani ba sai nawa. Na same shi yana juya samfurin wake a tafin hannu. Na durƙusa daga bakin tabarma, na gaishe shi, na faɗi abin da ke tafe da ni: cibiyar taya, zoben ƙarfe, sabon da ke kan hanya, su Inna bisa buhuna.

Bai katse ni ba. Da na gama ya zuba waken a faifai, ya kakkaɓe hannu.

“Wa ya aiko ki?”

“Babu kowa, Baba.”

“To ina kika san cibiyar taya? A lakol ake koya maku?”

Ya ɗago ya dube ni.

“Tun ba a ɗaura ba ya fara aiko mani ɗiyata ta ba ni umarni cikin gidana. Ya aiko dattijo na ba shi amsa. Amsar ba ta yi mashi ba, shi ne ya biyo ta ɗaki.” Muryarsa ba ta tashi ba ko kaɗan. “Mota za ta tashi gobe. Tashi ki ba ni wuri.”

Na tashi. Ban ji tsoro ba, ban ji haushi ba. Abin da na lura da shi kawai shi ne ƙasa ta manne a gwiwar zanena, na tsaya a tsakar gida ina kakkaɓewa har Inna ta ce ko kunama ce.

Lahadi da hantsi gidanmu ya cika da motsi. Inna ta sha adonta: zane saƙi baƙi mai ratsin ja, lalle har idon sawu, warwaron azurfa, ƙullin guzuri na dakuwa da ƙwai. Goggo ta ɗaura kallabi mai tsini tana ta lissafa wa maƙwabta abin da za a sayo, kwanoni masu fure, tasoshi, langa, katifa. Sai muka ji hayaniyar ƙofar gida ta sauya. Ba ta ƙaru ba, raguwa ta yi. Na je kafar zana na leƙa.

Buhunan wake na jibge inda aka tara su. Masu lodi na tsaye hannu a ƙugu. Fasinjoji sun yi da'ira da ƙunshinsu da kajinsu. A tsakiya ga motar, an ɗaga gabanta na hagu an tokare da kututture, tayar na jingine da bedi. Tana tsaye a kan ƙafa uku kamar jakin da aka ɗaure wa dabaibayi. Almu ya zo tun bayan sallar asuba ya kwance cibiyar gaba ɗaya, ya jera ƙarafunan bisa buhu, kowane kusa da ɗan'uwansa. Zoben ya ƙi fita, sai da ya sa guduma, ya fito gida biyu. Ko an so mayar da shi babu hali.

Baba ya fito da rawaninsa da carbi. Mutane suka buɗe masa hanya. Almu ya tuɓe takalmi, ya durƙusa, ya ɗora gutsattsarin zoben bisa tsumma, ya miƙa da hannu biyu, kansa a ƙasa.  Daga inda nake ina hango girisin da ke jiki, baƙi mai ƙyalli-ƙyalli kamar an barbaɗa masa garin ƙarfe. Hannuwansa suka daɗe a miƙe.

Baba bai dubi tsumman ba. Motar ya duba, sannan ya dubi mutanen da ke dubansa.

Akwai wani direba mai suna Hama, wanda ba shi da mota a hannu lokacin, yana cikin ƴan kallo. Shi ya matso ya ɗauki guntu ɗaya ya juya shi a rana.

“Wannan? Wannan ai da ya kai Makka ya dawo. Guduma ce ta kashe shi, ba hanya ba.”

Wani ya yi dariya. Wata tsohuwa mai kaji ta ce ita dai an cuce ta. Wani daga baya ya ce, “Surukin Alhaji ya fara mulki tun yanzu.”

Baba ya juya wajen Kawu Abarci, wanda aka kirawo da gudu har hularsa ta karkace.

“Abarci, a ce wa direba ya ajiye makulli.”

“Direba” Baba ya kira shi, ba “yaron nan” ba. Ya koma cikin gida. Inna ta kwance ƙullin guzuri ta raba wa yaran maƙwabta ƙwan. Kafin la'asar an mayar wa dangin Almu kayan baiko cikin ƙwarya da faifai a rufe. Goggo ce ta kai, da kallabinta mai tsini, don ba ta samu sukunin sauyawa ba.

Litinin na tafi lakol. Na rubuta haruffa a allo, yara suka maimaita, na gyara wa wata riƙon alli. Na dawo na ci tuwo, ban san ko da gishiri a miyar ba. Na yi salloli a kan lokaci. Ina jiran wani abu ya tsinke a ƙirjina, kamar yadda ake jiran hadari, sai dai sama ta tsaya fari fat. Mata suna shigowa yi wa Inna jaje, su dube ni su ce, “Ɗiyar nan akwai haƙuri.” Ba haƙuri ba ne. Haƙuri sai da ciwo. Ni kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kanta nake.

Sabon zoben ya iso kamar yadda Almu ya ce. Ko da yake an karɓe makulli, Almu ya zo da kayan aikinsa, ya wanke cibiyar da kananzir, ya cika ta da sabon giris, ya ɗaura, ya mayar da taya, ya bi kusoshi ɗaya bayan ɗaya. Ya leƙa ɗaya gefen ma. Ya sauke motar a kan ƙafafunta huɗu, ya share wurin, ya tafi ta bayan rumbuna. Babu wanda ya sa shi, babu wanda ya ce masa sannu.

Hama ne ya ja motar zuwa kasuwa ta gaba. Inna ta zauna gaba wannan karo, ita da Goggo. Baba ya ce a sayo kayan ɗakin duk da haka, ɗiya ba ta rasa miji. Suka je lafiya, suka dawo lafiya. Inna ta sauko tana kakkaɓe mayafi tana cewa, “Ko tari motar nan ba ta yi ba. Wahalar banza aka ba mutane.” Aka ba ni kwanonin in wanke in jera. Farare ne masu jan fure a baki. Ina wankewa ina kallon Inna tana rabon tsaraba, tana dariya, tana faɗa da Goggo kan wace ta manta barkono a tasha. Ga ta da ranta, da hannuwanta biyu. Na rasa wanda zan nuna wa ita a matsayin shaida. Da motar ta faɗi, da duk Dakoro ta san Almu ya yi gaskiya. Da yake ba ta faɗi ba, sai ya zama mai taurin kai da ya fasa ƙarfe lafiyayye ya kunyata surukinsa a bainar jama'a.

Dattawa suka shiga tsakani. Liman ya yi magana, abokan Baba suka yi. Baba ba mugu ba ne, kuma na san motar a hannun Hama ba ta kwanta masa a rai ba, don na gan shi da safe yana zagaya ta shi kaɗai yana duban tayoyi, alhali bai san abin da ake dubawa ba. A ƙarshe ya sauko, amma da sharaɗi. Almu ya zo da manyansa ƙofar gida, inda abin ya faru, gaban mutanen da suka gani, ya ce motar lafiyarta lau a ranar, ƙuruciya ce ta ɗebe shi. In ya faɗi haka, a mayar masa da makulli, a mayar da ƙwarya, biki na nan kafin azumi.

Kowa ya ce an yi sauƙi. Kawu Abarci har da hamdala. Goggo ta shigo ɗakina tana rangaɗa guɗa ƙasa-ƙasa. “Kalma guda, ɗiyata! Ko akuya aka ce ta hwaɗi haka ta auri ɗiyar Alhaji, sai ta yi magana.”

Ranar da ya kamata Almu ya ba da amsa, ya zo ƙofar Goggo bayan la'asar. Ba farar riga, kayan aikinsa ne a jikinsa, shuɗi da ya koɗe a kafaɗa. Ya rame. Goggo ta ja tabarmarta kusa da ƙofa daga ciki, tana yi kamar tana kaɗi.

“An wuni lahiya?” Bai ce Madam ba.

“Lahiya lau.”

“Kin ji abin da aka ce.”

“Na ji.”

Ya daɗe yana murza hularsa. “Na zo in ji daga gare ki. In kin ce in hwaɗa, gobe da hantsi zan hwaɗa. Ba zan riƙe ki da shi ba har abada, Allah Shi ne shaida.”

“Kai mi ka gani?”

“Ni ke nake gani.” Ya daina murza hular. “Amma ki san abu guda. In na tsaya gaban mutane na ce lahiyarta lau, to na gama. Gobe in na ɗora hannu na ji wuta, wa zan gaya wa? Za a ce wannan ai ya taɓa yi, da bakinsa ya ce ƙarya ne. Sai in ja ta haka nan, in yi ta addu'a. Kuma ba buhuna kaɗai ke hawa ba.”

Daga ciki Goggo ta ce, “Kai dai ka cika wa'azi! Ana ba ka mata kana zancen buhu.”



Masu karatu, na san abin da kuke so in ce na ji. Kuna so in ce zuciyata ta tsage, hawaye suka wanke mini fuska. Ban ji komai ba. Na ga tururuwa na jan ƙwayar gero a gefen takalminsa, na bi ta da ido har ta shige rami. Na san ina son mutumin nan, na san shi kamar yadda na san ana ruwa a wata ƙasa. Na kuma san cewa in na ce ya faɗa zai faɗa, a ɗaura mana aure, in zauna cikin kwanoni masu jan fure, kowace safiya in ji ya tada inji ya tafi da uwar wani bisa buhuna, da bakin da ni na rufe masa.

“Lahiyarta lau a ranar?” na tambaye shi.

“A'a.”

“To kada ka hwaɗa.”

Mazarin Goggo ya faɗi ƙasa, na ji ƙararsa.

Almu ya ɗago ya dube ni, duba na sosai, irin wanda bai taɓa yi mini ba tun da aka raba goro.  Sannan ya sa hularsa.

“Akwai mai mota a Tawa da ke neman direba,” ya ce. “Ban amsa mashi ba tukuna.”

“Allah Ya zaɓa abin da ya fi alheri.”

“Amin.”

Ya juya ya bi ta gaban gidanmu, ba ta bayan rumbuna ba. Da ya zo daidai motar ya rage tafiya, ya dube ta, ya wuce.

Na shiga. Goggo na zaune, audugar a cinyarta, tana dubana kamar baƙuwa.

“Ke wace irin ɗiya ce? An kawo maki aure har ƙofa kin kore shi da hannunki, ko ɗigon hawaye babu.”

“Goggo, sai a shaida wa Baba.”

“A shaida? Wa zai shaida? Ni na kai ƙwarya, na sha kunyar da ta ishe ni har kabari. Abarci kuwa in ya tahi cewa zai yi yaron na nan tahe.” Ta ɗauki mazarinta ta nuna ni da shi. “Ke kika yanke. Je ki hwaɗa wa ubanki da bakinki, ni na gama kai saƙo.”

Na gyara gyalena. Na ratsa tsakar gida, na wuce Inna tana kwashe tuwo, ta ce ina za ni, na ci gaba da tafiya. Baba na rumfarsa shi kaɗai, ya sa an share ƙofar gida an yayyafa ruwa saboda baƙin gobe, har an kawo sabon goro an rufe da jiƙaƙƙen buhun algarara a gefensa. Na tuɓe takalmina. Na durƙusa a bakin tabarma, na yi sallama.

Ya amsa da fara'a, ya ce, “Furera, matso. An ce yaron nan ya zo. Mi ya ce?”